Faifan da Aka Ƙi, Aka Dawo Aka Saya: Wa Ya Ci Riba?

Akwai wani labari da masu sha'awar kiɗan Turawa suke jin daɗin bayarwa duk lokacin da zance ya biyo ta kan mawaƙa da kamfanonin buga faifai. Su kan ce, a shekarar 2001 wata ƙungiyar makaɗa ta birnin Shikago a Amurka, mai suna Wilco, ta kammala faifanta na huɗu, ta miƙa wa kamfanin Reprise, kamfani ya saurara ya ce wannan ba abin sayarwa ba ne. Makaɗan suka ƙi sauya ko da harafi ɗaya, aka sallame su, suka tafi da kayansu. Bayan 'yan watanni wani kamfani mai suna Nonesuch ya sayi faifan ya fitar da shi, sai ga shi ya fi dukan faifan da suka taɓa yi kasuwa. Abin dariyar kuwa shi ne, da Reprise da Nonesuch duka 'ya'yan gida ɗaya ne, watau Warner. Daga nan sai mai ba da labari ya tafa hannu, ya ce fasaha ta kayar da jari-hujja.

Dukan abin da ke cikin wannan labari gaskiya ne, ban da jimlar ƙarshe. Ni dai a ganina jari bai faɗi ba, ko gwiwarsa ba ta taɓa ƙasa ba, kuma ya kamata mu da muke karatun littattafai mu san bambanci tsakanin wanda ya yi nasara da wanda Allah ya kuɓutar.

Bari mu fara da sunan da ake kiran irin waɗannan makaɗa da shi. A Ingila da Amurka akan ce musu 'yan indi, watau masu zaman kansu, domin asalin kalmar tana nufin makaɗan rok waɗanda ƙananan kamfanoni suke buga wa faifai, ba manyan nan masu rassa a ko'ina cikin duniya ba. Da tafiya ta yi tafiya sai kalmar ta koma sunan wani salon kiɗa, ko da kuwa mai yin sa yana cin abinci a hannun babban kamfani. Wilco suna cikin wannan kashi na biyu. Jeff Tweedy ya kafa ƙungiyar a 1994 bayan watsewar wadda yake ciki a da, Uncle Tupelo, kuma tun daga faifansu na farko a 1995 suna ƙarƙashin Reprise, kamfanin da mawaƙi Frank Sinatra ya kafa a 1960. Abin lura, Sinatra ya kafa shi ne domin mawaƙa su sami ikon faɗa a ji a kan aikinsu. Kafin shekara huɗu ta cika ya sayar da shi ga Warner.

To, yaya zaman mawaƙi da irin wannan kamfani yake? Wannan shi ne gindin maganar, kuma shi ne abin da masu tafa hannu suke tsallakewa. Kamfani yakan ba mawaƙi kuɗin kafin alƙalami, ya ce je ka yi faifai. Da wannan kuɗi za a biya ɗakin ɗaukar murya, a biya injiniya, a biya lauya da manaja, abin da ya saura makaɗa su raba su ci abinci. Amma kuɗin nan ba kyauta ba ne, bashi ne. Idan faifai ya fito, mawaƙi yana da wani ɗan kaso a kan kowane guda da aka sayar, wanda a wancan zamani galibi bai wuce kashi goma sha wani abu cikin ɗari ba, kuma daga cikin wannan ɗan kaso nasa, ba daga cikin ribar kamfani ba, ake cire bashin. Sai ya biya kaf sa'an nan zai fara ganin kwabo. Wannan ma da sauƙi. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, bayan ya gama biya, uwar faifan, watau ainihin naɗin da ake buga sauran daga jikinsa, ba ta zama tasa ba, ta kamfani ce. Ka ƙaddara wani attajiri ya ranta maka kuɗi ka gina gida, ka yi shekaru kana biyansa da guminka, ranar da ka biya na ƙarshe sai ya ce madalla, amma gida nawa ne. A ko'ina cikin kasuwa aka yi haka sai an kai ƙara gaban alƙali. A sana'ar faifai kuwa sunansa yarjejeniya. Wani injiniyan sauti na Shikago, marigayi Steve Albini, ya taɓa zama a 1993 ya yi lissafin wannan tsari dalla-dalla a cikin wata maƙala, ya nuna yadda ƙungiya za ta sayar da faifai dubbai ɗaruruwa, masu harkar kiɗa su kwashi miliyoyi, su kuwa makaɗan su tashi da abin da bai kai albashin yaron kanti ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Tsakanin Wilco da Reprise ruwa bai fara tsami a 2001 ba. A 1996, da suka yi Being There, wanda faifai biyu ne a haɗe, Tweedy ya nace a sayar da shi a kan kuɗin guda ɗaya domin kada ya fi ƙarfin masu saye. Kamfani ya yarda, amma bisa sharaɗin a rage daga kason makaɗan. A 1999 kuma, da suka kawo Summerteeth, manyan kamfani suka ce ba su ji waƙar da gidajen rediyo za su ɗauka ba, aka sa su suka ƙara wata, aka gyara ta yadda za ta yi wa rediyo daɗi. Suka bi umurni. Rediyo bai ɗauka ba. Saboda haka ranar da aka sake zuwa musu da irin wannan shawara, suna da hujjar ƙin ji, domin sun riga sun sha maganin bokan nan sau ɗaya, ciwo bai tafi ba.

Faifan da ake rikici a kansa sunansa Yankee Hotel Foxtrot, waƙoƙi 11 ne a cikinsa, an kuma naɗe shi a wani bene da ƙungiyar take haya a Shikago. Wanda bai taɓa jin sa ba zai zaci wani abu ne mai firgitarwa, tun da har kamfani ya guje shi. Ba haka ba ne. Waƙoƙi ne masu sanyi, na mutumin da yake son ya yi magana da matarsa ko da ƙasarsa amma harshe ya ƙi. Abin da ya bambanta su shi ne yadda aka lulluɓe su da ƙara: waƙa tana tafiya da jita da fiyano lami lafiya, sai ka ji ta fara wargajewa, ganga ta saki hanya, wani shuu ya taso ya rufe muryar mawaƙin. Wani gwanin haɗa sauti, Jim O'Rourke, shi ya tace aikin a ƙarshe, ya zubar da abubuwa da yawa, ya bar waɗansu wurare fayau. Duk wanda ya taɓa kama tashar gajeren zango da dare, yana murɗa akwatin rediyo a hankali, muryar mai labarai tana zuwa tana ɓacewa cikin iska, ya san irin wannan sauti, ya kuma san cewa kunne yakan ƙara kaifi idan murya tana neman kuɓuce masa. Sunan faifan ma daga can ya fito. Kalmomin nan uku sunayen haruffa ne, Y da H da F, yadda sojoji da matuƙan jirgin sama suke kiran su a oba-oba, kuma a ƙarshen ɗaya daga cikin waƙoƙin ana jin muryar wata mace tana maimaita su, an ɗauko ta daga irin tashoshin nan na gajeren zango marasa suna waɗanda ake zaton na hukumomin leƙen asiri ne. Za mu komo kan wannan murya, domin ita ma ta jawo shari'a.

Ana cikin wannan aiki sai kiɗa ya sauya a can sama. A watan Janairu na 2001 aka kammala haɗewar kamfanin intanet na AOL da Time Warner, uwar gidan Warner. Sababbin masu gida suka ce a rage kashe kuɗi, aka sallami ɗaruruwan ma'aikata a sashen kiɗa. Shugaban Reprise, Howie Klein, wanda shi ne garkuwar Wilco a cikin gidan, ya bar kujerarsa a wannan shekara. Faifai ya iso hannun waɗanda suka rage, mutanen da kowannensu yake duban ƙofa yana jiran tasa takardar. Suka ce a gyara. Tweedy ya ce an gama.

A nan wajibi ne a yi wa ma'aikatan nan adalci, ko da yake ba su ne abin tausayi a labarin ba. Ba jahilai ba ne, ba kuma kurame ba ne. An ba su ma'auni guda ɗaya, watau shin rediyo zai sa wannan, shin zai sayar da miliyan? Bisa wannan ma'auni amsarsu daidai ce, domin har yau faifan bai haifar da waƙar da ta mamaye gidajen rediyo ba. Laifin yana ga ma'aunin, da kuma wanda ya miƙa musu shi. Ƙungiyar da take da masoya dubu ɗari biyu ko uku masu aminci, waɗanda za su sayi duk abin da ta fitar, riba ce ga ɗan kasuwa mai haƙuri, amma hasara ce ga wanda ya ci bashin biliyoyi yana neman abin da zai nuna wa masu hannun jari kafin wata uku. Kuma kada a manta, masu wannan ma'auni su ne suka sanar da hasarar kusan dala biliyan 99 ta shekarar 2002, wadda ba a taɓa jin irinta ba a tarihin kamfanonin Amurka har zuwa lokacin. Waɗanda suka kasa lissafin biliyoyi su ne suka zauna suna koya wa mai jita tattali.

Da farko an yi maganar ƙungiyar za ta biya dala 50,000 ta karɓi uwar faifanta. Daga baya kamfani ya ga abin yana neman zama abin kunya, sai ya sallama musu ita kyauta. Mai karatu ya riƙe wannan da kyau, domin a nan ne dukan labarin ya rataya. Babu wata doka da ta tilasta wa Reprise yin haka. Yana da ikon ya kulle naɗin a cikin ma'aji, ya hana shi fita, ya kuma hana makaɗan zuwa wani wuri. Kunya ce ta cece su, ita kuwa kunya ba a rubuta ta a cikin yarjejeniya.

Ranar da aka tsayar tun farko domin fitar da faifan ita ce 11 ga Satumba, 2001. Kowa ya san abin da ya auku a Amurka a wannan rana. Mako guda bayan haka, ranar 18 ga wata, da yake waƙoƙin sun riga sun fara yawo a intanet ta hannun masu kwafa, Wilco suka sa faifan gaba ɗaya a shafinsu, kowa ya saurara kyauta. A zamanin da manyan kamfanoni suka ja Napster kotu har ya rufe a watan Yuli na wannan shekara, wannan ba ƙaramar kasada ba ce. Sai kuma ga wani abin al'ajabi: mutanen da suke cikin makoki suka ji waƙoƙin da aka gama tun kafin harin kamar jiya aka yi su, ga wata mai magana a kan tokar tutocin Amurka, ga kuma bangon faifan, da ya fito, ɗauke da hoton tagwayen benaye na Marina City a Shikago. Ba duba makaɗan suka yi ba, katari ne kawai. Da suka fita rangadi a ƙarshen shekarar, suka tarar da zauruka cike da mutane suna bin su baitocin faifan da ba a fara sayarwa ba.

Nan da nan kamfanoni suka yi layi. A watan Nuwamba suka zaɓi Nonesuch, ƙaramin reshe mai buga kiɗan gargajiyar Turawa da na sauran sassan duniya, wanda waɗansunmu suka san tambarinsa a jikin faifan Youssou N'Dour na Senegal. Faifai ya fito ranar 23 ga Afrilu, 2002, ya shiga jerin Billboard a lamba 13, ya sayar da fiye da guda 55,000 a makon farko, daga bisani ya haye 500,000. Babu wani faifan Wilco da ya taɓa kai wannan matsayi kafinsa.

To, jama'a, mu zauna mu yi lissafi. An ce Warner ya biya kuɗin faifai ɗaya sau biyu, kuma haka ne. Amma bayan ya biya, a aljihun wa cinikin guda dubu ɗari biyar ya faɗa? A nasa. Ya kuma sami abin da kuɗi ba ya saye, watau talla, domin wata da watanni jaridu suna ba da labarin faifan da aka zalunta, kowane mai karatu yana jin cewa in ya saya ya mari azzalumi. Ya je kanti ya mari azzalumi, kuɗinsa ya bi ta ƙofar baya ya shiga gidan azzalumin. Ban ce da gangan aka shirya haka ba, mutanen da suka yi hasarar biliyan 99 ba su da wannan wayo. Abin da nake cewa shi ne, idan gida ya yi girma har ya zamana ka fita ta wannan ƙofa ka shiga ta waccan kana cikinsa, to, mai gida ba ya bukatar wayo. Yau ma manyan gidajen uku ne kacal, Universal da Sony da Warner.

Sa'an nan a dubi waɗanda kunya ba ta cece su ba. The Stone Roses na birnin Mancesta sun fitar da faifansu na farko a 1989 a ƙarƙashin Silvertone, Ingila duka ta ɗauka. Da suka nemi fita daga yarjejeniyar, kamfani ya samo umurnin kotu ya hana su buga komi a wani wuri. Sun ci shari'ar a 1991, alƙali ya warware su, amma faifansu na biyu bai fito ba sai a watan Disamba na 1994, lokacin da kasuwa ta riga ta watse, waɗansu samari sun hau gurbinsu, ba a jima ba kuma ƙungiyar ta tarwatse. Waɗannan ma sanannu ne, shi ya sa muka ji labarinsu. Ƙungiyoyi nawa ne aka kulle faifansu a ma'aji ba wanda ya rubuta ko layi ɗaya a jarida? Wilco sun shiga rikicin nan da shekara bakwai na suna, da 'yan jarida masu ƙaunarsu, har da wani mai ɗaukar hoto, Sam Jones, wanda yake bin su da kyamara yana haɗa fim tun kafin rigimar ta tashi, ya kuwa fitar da shi a 2002. Wanda ya gaya wa sabon mawaƙi ya yi koyi da su, ya tsaya ƙyam kamfani zai rusuna, ya ɗora shi a kan keken ɓera.

Akwai kuma wani ɓangare da masoyan ƙungiyar ba su cika son a taɓo ba, ni kuwa a wurina ya fi rigimar kamfanin ciwo. A farkon 2001 aka sallami mai ganga Ken Coomer, aka kawo Glenn Kotche. Bayan an gama faifan kuma aka sallami Jay Bennett, mutumin da yake kaɗa jita da fiyano da kusan duk abin da aka ajiye a gabansa, wanda yake zaune a kan na'urar naɗi dare da rana, wanda kuma sunansa yake tare da na Tweedy a kan kiɗan waƙoƙi 8 daga cikin 11. Fim ɗin Sam Jones ya nuna su biyun suna jayayya a kan yadda za a haɗa ƙarshen wata waƙa da farkon wata, ya kuma bar mai kallo da tunanin cewa Bennett mutum ne mai wuyar zama. Wataƙila haka ne. Zaman makaɗa kamar zaman aure ne, na waje ba ya sanin inda ɗaki yake yoyo. Amma a watan Mayu na 2009 Bennett ya kai Tweedy ƙara yana neman haƙƙinsa na aikin da ya yi da kuma fitowarsa a fim ɗin, a daidai lokacin da yake neman kuɗin aikin tiyata a ƙugunsa, ba shi da inshorar lafiyar da za ta biya. Kafin watan ya ƙare ya rasu, yana da shekara 45, sanadin maganin kashe zafi da ya yi masa yawa. Ban ɗora wa kowa alhakin mutuwarsa ba. Amma ina tambaya: idan labarin nan na nasarar mai fasaha ne a kan mai kuɗi, a wane gefe za mu ajiye wannan mai fasaha? Ashe a cikin ƙungiyar ma akwai mai gida da ɗan aiki, kuma abin da Reprise ya yi wa Tweedy bai yi nisa ƙwarai da abin da ya sami Bennett ba, sai dai shi ba jaridar da ta tsaya masa.

Muryar matar nan ta gajeren zango ma ta biyo bashinta. An ɗauko ta ne daga wani tarin naɗi mai suna The Conet Project, wanda wani ƙaramin kamfani na Landan, Irdial, ya fitar a 1997, ba kuwa tare da neman izini ba. Irdial ya kai ƙara, aka sasanta ba a kai ga hukunci ba. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Ko da yake, in za a bi ta ƙwaƙƙwafi, shi ma Irdial daga iska ya kamo muryar, mai ita kuwa ba ta da halin fitowa ta ce tata ce.

Saura batun sauraro kyauta a intanet, wanda ake yaba wa Wilco a kansa cewa sun hango gaba. Lalle sun hango, amma me suka hango? A 2001 dabarar ta yi aiki domin sauraro a kwamfuta ɗanɗano ne, wanda ya ji daɗi sai ya je kanti ya sayi faifai. Yanzu ɗanɗanon shi ne cinikin gaba ɗaya. Spotify, wanda ya fara aiki a 2008, da ire-irensa suna biyan abin da bai kai sulai ba a kan kowane sauraro, kuɗin kuma ga mai uwar faifai yake zuwa, shi ne zai cire nasa ya miƙa saura. Tun daga 2024 ma waƙar da ba a saurare ta sau 1,000 cikin shekara ba, Spotify ba ya biyan ta komi. Ƙofar da ta zama mafita ga ƙungiya ɗaya, manyan gidaje sun zo sun kafa teburin karɓar haraji a bakinta. Ƙannenmu da suke naɗar waƙa a ƙananan ɗakuna suna ɗorawa a YouTube, suna jiran ranar da wani mai mota zai zo da takarda da biro, a wannan kasuwa suke, ko sun sani ko ba su sani ba, kuma tambayar da ta kamata su fara yi wa mai motar ba nawa za ka ba ni ba ce, a'a, bayan na biya ka, naɗin na wane ne?

Su kansu Wilco sun daɗe kafin su amsa wannan tambaya. Sun zauna a Nonesuch har shekara tara, suka ci lambar Grammy biyu da faifan da ya biyo baya, A Ghost Is Born na 2004, sai a 2011 suka kafa nasu kamfani, dBpm, suka fara buga sababbin ayyukansu da kansu. Shi kuwa gidan Warner ya sauya hannu sau biyu a wannan tsakani, an sayar da sashen kiɗan a 2004 a kan dala biliyan 2.6, aka sake sayar da shi a 2011 a kan biliyan 3.3. A 2022, da Yankee Hotel Foxtrot ya cika shekara 20, aka sake fitar da shi cikin wani babban akwati mai tsada, haɗe da naɗe-naɗen gwaji da ba a taɓa ji ba, waɗanda hannun Jay Bennett yake ko'ina a cikinsu. Akwatin ya ci Grammy a 2023. Tambarin da ke bayansa na Nonesuch ne, reshen Warner.